Holi da Nauruz sun ƙarato, ƙawayena sun gayyace ni, Yayana kuma ya ja mini kunne

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina shekara ta biyu a wata jami'a da ke kusa da Delhi a ƙasar Indiya, ina karatun haɗa magunguna. Bara ranar Holi, wani bikin mabiya addinin Hindu, na fito daga ɗakin kwananmu zan je cin abinci, ban ankara ba 'yan mata suka baɗa mini garin kala, hijabina da fuskata duk suka koma ja da kore. Dariya kawai na yi, wata ta ɗauke mu hoto ta sa a Instagram. Kafin dare hoton ya isa wayar Yayana a Kano. Ya kira ya ce an tura ni karatu na koma bautar gumaka, in ya sake ganin irin haka zai sa Baba ya dawo da ni gida. Tun daga ranar na daina shiga mutane. To ga shi lokacin ya sake zagayowa. Ƙawata mabiyar addinin Hindu, wadda ta yi jinyata lokacin da zazzaɓin dengue ya kwantar da ni, ta ce lallai in je gidan iyayenta a yi Holi da ni. Abokiyar ɗakina kuma 'yar Afganistan ce, Musulma, tana ta shirin Nauruz, bikin shiga sabuwar shekararsu, ta ce ba za ta ji daɗi ba in na ƙi zama da su. Ina tsoron saɓon Allah, ina tsoron Yaya, kuma ina jin kunyar mutanen da suka riƙe ni lokacin da ba ni da kowa. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba da sa'ar karatu.

Ki fara sauke wa kanki nauyin abin da ya faru bara. Abinci kika fita nema, aka watsa miki kala ba tare da an tambaye ki ba. Ba ki yi niyyar komai ba, ba ki rusuna wa komai ba. Shekara guda kina kulle kanki a ɗaki saboda wannan, ai hukuncin ya fi laifin girma, in ma akwai laifin.

Abin da ya sa maganar ta yi miki nauyi shi ne kin haɗa Holi da Nauruz a ƙulli ɗaya kin sa masa suna "bikin da ba namu ba", alhali ko shi Holin kansa ba abu ɗaya ba ne. Sai kin san abin da ake yi a kowane sa'a na bikin za ki iya cewa nan zan tsaya, nan ba zan taka ba. Yayanki hoto ɗaya ya gani ya yanke hukunci. Ke da kike zaune a wurin bai kamata ki yi irin nasa ba.

Holi da Nauruz duka bukukuwan fitar sanyi ne, kuma kusan duk ƙasar da sanyi ke gallaba wa mutane tana da irin wannan biki na murnar fitarsa. Wanda ya yi watanni itatuwa tsirara, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, abincin dabbobi ya ƙare, rana ba ta daɗewa take faɗuwa, dole ya yi murna ranar da ya ga toho. A Bulgeriya ranar 1 ga Maris suna ɗaura wa juna zare ja da fari a hannu, ba sa cirewa sai sun ga shamuwarsu ta dawo ko itace ya yi fure, kamar dai yadda manominmu ke ganin shamuwa ya ce damina ta ƙarato, a fara gyaran gona. A Foland yara na yin mutum-mutumin wata tsohuwa da suke kira Marzanna su jefa ta a kogi, wai sanyi ke nan aka kora. A Rasha mako guda ake yi ana toya wani fanke mai faɗi kamar faifai kafin a ƙona mutum-mutumin sanyi. Mutanen birnin Zurich na Suwizalan kuwa a watan Afrilu suke ƙona nasu, kansa cike da abin fashewa, suna duba agogo: in kan ya fashe da wuri, sai su ce bana za a yi lokacin zafi mai daɗi. A duk waɗannan za ki tarar murnar manomi ta cakuɗe da ragowar tsohon addini, sannan ga haukan matasa a kai. Yawan kowanne ne ya bambanta daga biki zuwa biki.

To mu zo kan Holi, don nan ne ƙafarki ta fi kusa da santsi. Ana yin sa ne lokacin da wata ya cika a watan Falguna na kalandar Hindu, yawanci a cikin Maris. Daren farko ana tara itace a unguwa a kunna babbar wuta, shi ne Holika Dahan. Labarin da ke bayansa na wani sarki ne, Hiranyakashipu, da ya ce a bauta masa, ɗansa Prahlad ya ƙi, ya riƙe bautar Bishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu. Sai 'yar'uwar sarkin, Holika, wadda aka ce wuta ba ta cin ta, ta rungumi yaron ta shiga wuta da shi don ya ƙone. Ita ta ƙone, yaron ya fito lafiya. A daren nan mutane na zagaya wutar, suna jefa hatsi da kwakwa a ciki, suna addu'o'insu. Wannan ibada ce ƙarara, su ma ba sa ɓoye hakan. Babu ruwanki da wannan dare, kuma ba sai kin tambayi malami ba kafin ki san haka. In kin kwana a gidan ƙawar taki a daren, za a fita da ke wurin wutar, kunya kuma za ta hana ki komawa ciki ke kaɗai. Saboda haka maganar kwana ba ta ma taso ba.

Washegari da safe shi ne wasan kala, wanda kika ɗanɗana bara. Garin da ake baɗawa suna kiransa gulal, yara kuma na yawo da bindigar ruwa da balan-balan cike da ruwan kala, suna jefowa daga saman bene. Shi ma yana da alaƙa da labaran addininsu, na Krishna da Radha, musamman a yankin Mathura da Brindaban, amma galibin masu yinsa a titi wasa ne kawai a gabansu. Ni dai shawarata kada ki shiga, ko da an ajiye maganar addini gefe. Akwai wata kalma da ake yawan faɗa a ranar, "bura na mano, Holi hai", wato kada ka ji haushi, Holi ce. A bakin yaro ƙarami wasa ne. A bakin ƙaton da ya sha ya bugu kuwa, lasisi ne na kai hannu jikin macen da bai sani ba. Matan Indiya da kansu suna kuka da wannan kowace shekara, da yawansu ba sa leƙa waje sai rana ta yi tsaka. Ke kuma baƙuwa ce, baƙar fata, da hijabi. Ido zai fi zama a kanki. Ko jirgin ƙasan cikin birnin Delhi ba ya fara aiki ranar sai bayan ƙarfe biyu na rana, shaguna a rufe, abin hawa da wuya. In wani abu ya faru a hanya, wa za ki kira?

Sannan ke mai karatun magani ce, ba sai na yi miki dogon bayani kan kalar ba. A da daga fure da kurkum ake yin ta. Ta kasuwa mai araha yanzu rini ne na masana'anta, wani da gubar ƙarfe a ciki, yana sa ƙaiƙayi da ciwon ido, yana tayar wa masu asma da ciwonsu. In dole ta sa ki fita da safen, ki shafa man kwakwa sosai a fuska da hannu, ki sa tsohon hijabin da ba za ki yi takaicinsa ba. Amma gara ki sayi abincinki tun jajiberi ki rufe ƙofa.

Ki kuma kula da abin sha. Akwai wani haɗin madara mai sanyi da kayan ƙamshi da ake kira thandai, mai daɗi ne ƙwarai, sai dai a Holi wasu na zuba masa bhang, wato niƙaƙƙen ganyen tabar wiwi. A wasu jihohin shagunan da gwamnati ta ba izini ne ma ke sayar da shi, don haka mai miƙo miki kofin ba ya ganin ya yi wani abin kunya. Har cikin alawa ana sa shi. Duk abin da ya yi kore-kore, ko wanda aka miƙo miki ana murmushin mugunta, ki tambaya. In ba ki gamsu da amsar ba, ki ce kin ƙoshi.

Da yamma kuwa gari ya kan canza. Kowa ya yi wanka, ya sa kaya masu tsabta, ana shiga gida-gida ana gaisawa, ana cin gujiya, wani soyayyen fulawa mai zaƙi da aka cusa wa daskararriyar madara. Nan ne kawai nake ganin akwai ƙofar da za ki iya bi. Amma in da ni ce ke, ko yammacin ma zan bari ya wuce, in je washegari ko ƙarshen mako. Dalilina: bashin da ke kanki ba na Holi ba ne. Yarinyar nan ta zauna a gefen gadonki kina rawar ɗari, wataƙila uwarta ce ma ta riƙa aiko miki da abinci. Abin da ya kamace ki shi ne ki je ki gaida uwar, ki durƙusa ki yi godiya irin ta gidanku, da ɗan tsarabarki a hannu, ko turaren wuta ne ko yadin atamfa. Wannan ziyara a ranar da ba ta biki ba, ban san malamin da zai hana ki ita ba, kuma ayar da ke cikin Suratul Mumtahana a fili take cewa ba a hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Gujiyar ma ba ta ƙarewa ranar, za a ajiye miki. Abu ɗaya za ki kiyaye a gidan: abin da aka fara miƙa wa abin bautarsu kafin a raba, wanda suke kira prasad. Ki gaya wa ƙawar taki tun kafin ku isa cewa ba kya ci, ita za ta san yadda za ta tare miki ba tare da uwarta ta ji kunya ba.

Kuma ki gaya mata yanzu, ba ana gobe biki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki ce "zan gani", kada ki ƙirƙiri jarrabawa ko ciwon kai. Ki ce mata: addinina bai ba ni damar zuwa wurin wutar ba, wasan kalar kuma tsoro yake ba ni, amma ina son ganin Mama, wace rana zan zo? Ba ke ce Musulmar farko da ta sani ba. Musulmin Indiya sun fi mutum miliyan 170, kuma shekara da shekaru suna zaune da maƙwabtansu ta wannan hanya, wani ya shiga wasan, wani ya ƙi. A 2025 ma Holi ranar Juma'a ya faɗo, 14 ga Maris, cikin azumi, har a wasu garuruwan jihar Uttar Pradesh aka lulluɓe masallatai da tamfol aka matsar da lokacin sallar Juma'a. Za ta gane. Abin da ba za ta gane ba shi ne ki yi ta zille mata kamar ta yi miki laifi.

Nauruz wani abu ne daban. Shi ne farkon shekara a kalandar Farisa, yana faɗowa ranar 20 ko 21 ga Maris, lokacin da dare da rana suke daidaita tsawo. Tushensa ya girmi Musulunci a can, yana da alaƙa da addinin Majusawa, amma yau mafi yawan masu yinsa Musulmi ne, daga Iran da Afganistan da Tajikistan da Uzbekistan har zuwa Kurdawa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake karewa a 2009, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware masa ranar 21 ga Maris a 2010. Iraniyawa na share gida tas, su jera abubuwa bakwai a kan shimfiɗa, su tsiron alkama da tuffa da tafarnuwa, da yawansu har da Alƙur'ani a gefe. Suna kuma da daren da ake tsallake wuta kafin Larabar ƙarshe ta shekara. 'Yan Afganistan abin da suka fi ji da shi shi ne haft mewa: busassun 'ya'yan itace iri bakwai, su zabibi da makamantansu, a wanke a jiƙa a ruwa su kwana su yi laushi, a sha da ruwan. Sai shinkafa da alayyafo, sai soyayyen kifi. Akwai kuma samanak, wani ɗan kunu mai kauri da ake yi da tsiron alkama, mata ke kwana a kan tukunya suna juyawa suna waƙa har asuba. Ina tsammanin abin da abokiyar ɗakinki za ta iya haɗawa a ɗakin ɗalibai bai wuce kwanon haft mewa da tukunyar shinkafa ba.

Hukuncinsa fa? Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma zan gaya miki inda maganar ta tsaya. Akwai hadisin Anas, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar suna da kwana biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, Babbar Salla da Ƙaramar Salla. Masu sharhi da dama sun ce ɗaya daga cikin kwanakin nan Nairuz ne, wato shi Nauruz ɗin. A kan haka malamai da yawa suka hana bikinsa, kuma wannan ne ra'ayin da za ki fi ji a Kano. Wasu malaman na ƙasashen da ake yinsa suna ɗaukarsa al'adar shiga sabuwar shekara da zumunci, muddin ba a ɗauke shi ibada ba. Irin wannan saɓanin ake yi a Masar kan Shammun Nasim, ranar Litinin da ke bin bikin Ista na Kiristocin Kibɗawa, inda Musulmi da Kirista ke fita lambuna da dafaffen ƙwai mai kala da albasa mai lawashi da wani kifi mai gishiri da wari da ake kira fasikh. Darul Ifta, hukumar fatawa ta Masar, ta ce al'ada ce, wasu malaman ƙasar suka ce a'a. (Shi fasikh ɗin nan, ba malami ba, likita ya kamata a tambaya: a 1991 gubarsa ta kashe mutum 18 a Alƙahira.)

Don haka ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa, amma ki iya tambayar. In kika ce "Malam, ya halatta in yi bikin Majusawa?" kin riga kin ba kanki amsa. Ki faɗa masa abin da yake: abokiyar ɗakina Musulma za ta dafa shinkafa ta jiƙa zabibi ranar shiga shekararsu, babu wuta, babu maza, babu wata addu'a ta daban, ta ce in ci. Abin da ya ce miki, in zuciyarki ta natsu da shi, ki bi. In ya hana, ki gaya mata gaskiya da taushin murya, ki ce ta rage miki naki ki sha washegari.

Amma ko me malamin ya ce, ki dubi halin da yarinyar take ciki. A 2022 gwamnatin Taliban ta soke hutun Nauruz a ƙasarsu, a ƙarshen shekarar kuma ta hana matan ƙasar shiga jami'a. Ke in an yi hutu kina da gidan da za ki koma ki dawo. Ita wataƙila in ta koma, karatun ya ƙare ke nan. Kwanon zabibin nan shi ne abin da ya rage mata na gida. Ko ba za ki ci ba, kada ki tattara littattafai ki gudu laburare ki bar ta ita kaɗai a ɗaki. Ki taya ta share ɗakin, ai shara ba ta da addini. Ki tambaye ta yadda kakarta ke yin samanak, ki bar ta ta ba ki labari. Sallah kuma in ta zo, ke ma ki yi naki: ki dafa abin da za ki iya, ko dambu ko shinkafa da miya, ki kira su duka biyun, ki sa musu lalle.

Saura Yaya. Kalmar da ya faɗa miki ta yi tsauri, jifan Musulma da bautar gumaka ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata wani babba ya gaya masa haka. Sai dai ki gane abin da ke cinsa. Yana Kano, ƙanwarsa na wata uwa duniya, abin da ya sani game da Indiya bai wuce fina-finai ba, kuma ba daga wurinki ya ga hoton ba, wani ne ya tura masa, wataƙila da 'yar magana a ƙasa. Rabin faɗan nan kunyar idon mutane ce. Shirun da kika yi shekara guda kuma bai wanke ki a wurinsa ba, sai ma ya bar shi da zarginsa.

Ki riga shi magana. Kafin bikin ki kira Umma, in tana raye, don ita ce za ta fi saurin fahimta kuma ita ke iya tausar Baba. Sannan ki kira shi da kanki, ba saƙo ba. Ki ce: Yaya, bikin nan na bara ya kusa, na yanke ba zan fita ba, abincina ma na saya, bayan an gama zan je in gaida mahaifiyar yarinyar da ta yi jinyata, abokiyar ɗakina ma tana da nasu, na tambayi Malam wane, ga abin da ya ce. Ina zargin bai ma san kin kwanta dengue har wata ta yi jinyarki ba, don irinku ɓoye wa gida ciwo kuke yi. Ki gaya masa. Da wuya ya ji cewa wata ta kwana a kanki a asibiti sannan ya ce kada ki je ki yi wa uwarta godiya. In kuma ya kafe, to maganar ta wuce shi, ki kai ta gaban Baba da ladabi, don shi ya tura ki karatun.

Maganar hoto kuwa, ki kafa doka tun yau ga duk ƙawayenki, ba na biki kaɗai ba: kada a sa hotonki a ko'ina sai kin gani kin yarda. Ki shiga Instagram ɗinki ki rufe damar da ke bari a liƙa sunanki a hoton wani ba da izininki ba. Wadda ta sa na bara, in har yanzu yana nan, ki roƙe ta ta cire.